Wata takwas na darasin yamma a Garwa: abin da kuɗina ya saya wa 'yata

Ni mai sayar da kayan gyaran babur ne a babbar kasuwar Garwa. Tun da sakamakon BEPC, jarrabawar da ake yi bayan shekara huɗu a sakandare, ya fito, iyayen yara a layinmu suke tsayawa bakin shagona suna tambaya game da wajen darasin yamma da na sa 'yata daga Oktoban 2024 zuwa ƙarshen Mayun 2025, shin ya cancanci kuɗinsa ko a'a. Na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan wajen ba, domin akwai abin da zan faɗa marar daɗi, kuma mai wajen mutum ne da muke gaisawa. Gida ne na haya mai ɗaki uku da rumfar kwano a tsakar gida, irin wuraren da ake kira repetisiyon, waɗanda yanzu kusan kowace unguwa tana da nata.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne sakamakon Bak, jarrabawar kammala sakandare, na 2024. A 2023 kusan kashi 75 cikin ɗari na masu Bak na ɓangaren ilimin gama-gari suka ci a faɗin Kamaru. Shekara ɗaya bayan haka sai aka ga kusan kashi 37. Yaran ba su canza cikin wata goma sha biyu ba. Abin da ya canza shi ne an tsaya a kan cewa sai mai 10 cikin 20 zai wuce, aka daina jawo waɗanda suka gaza a tsallakar da su. A unguwarmu gidaje da yawa sun yi kuka a wannan watan. Ni kuwa na kwana ina tunani, idan haka abin yake a sama, to mene ne gaskiyar lambobin da ake rubuto mini a takardar sakamakon 'yata ta kowane zango?

Domin takardarta ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Ta gama aji na 4e, shekara ta uku a sakandare, da 12 da ɗoriya cikin 20. Ranar wata Asabar cikin hutu ta zo shago kawo mini abinci, an kawo mini kaya daga Duwala, takardar kuɗin tana kan teburi. Jimillar sefa 240,000 ce, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa za a rage kashi 5 cikin ɗari ga wanda ya biya kafin kwana goma. Na miƙa mata na ce, "Karanta mini, nawa zan biya idan na tura gobe?" Ta karanta da murya mai kyau, ba ta yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Sai ta yi shiru tana jujjuya biro. Can ta ce, "Baba, a cire biyar ne?" Na ce biyar ɗin me? Ta ce 5,000. Yaron shagona, wanda bai wuce CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba, ya ɗago kai daga cikin kwalin fulogi ya ce 228,000. Idonta ya ciko da hawaye. Ban yi mata faɗa ba, don na san ba ragwanci ba ne. Yarinyar da ke tashi da asuba ta yi tilawa kafin ta tafi boko ba raguwa ba ce.

Da na zauna na lissafa shekarunta sai na ga inda ramin yake. Tana CM1, aji biyar na firamare, aka rufe makarantu a Maris na 2020 saboda korona. A watan Yuni azuzuwan jarrabawa kaɗai suka koma, su kuwa sai Oktoba, kuma aka wuce da su CM2 kamar sun yi shekarar. Tana 6e, shekarar farko ta sakandare, malamai suka shiga yajin aikin da ake kira OTS a Fabrairun 2022 kan haƙƙoƙinsu da aka daɗe ba a biya ba, suna zuwa aji amma ba a taɓa alli. Ban ga laifinsu ba, mutum ba ya koyarwa da yunwa. Ga kuma tsarin firamare na wucewa gaba ɗaya a cikin kowane mataki, inda yaro zai tashi daga SIL zuwa CP (aji ɗaya zuwa biyu), ko daga CE1 zuwa CE2 (aji uku zuwa huɗu), ko ya iya ko bai iya ba. Ajinta na 3e kuma, wato ajin BEPC, na ƙirga da kaina a jerin sunaye, su 96 ne. Malamin da ke da irin wannan aji biyar ko shida, yaushe zai karanta rubutun kowa?

To, wajen darasin. Kuɗin rajista 5,000, kowane wata 10,000 ga ɗan 3e, ana biya kafin biyar ga wata. Darasi daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa magariba, Litinin, Talata, Alhamis, sai Asabar da safe. Fannoni huɗu suke yi: lissafi, Faransanci, kimiyyar PCT (fiziks, kemistiri da fasaha) da Turancin Ingilishi. Idan ka haɗa da kuɗin babur na zuwa da dawowa da kuɗin hoton takardu da ake karɓa kusan kowane mako, abin ya kai ni wajen 18,000 a wata. Ga mai ƙaramin shago wannan ba wasa ba ne. Ranar rajista mai wajen ya ce mini ba za su wuce yara 25 a ɗaki ba, kuma a watannin farko ya cika alkawari, su 22 ne.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba mutum ɗaya ne, malamin lissafi. Ɗan wajen Kaele ne, ya yi babbar makarantar horar da malamai ta Marwa, da safe yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta ana biyansa da awa. Ba ya jin Hausa sosai amma Fillancinsa kamar na ɗan Fulɓere. A mako na biyu ya aiko a kira ni. Na rufe shago bayan la'asar na je, ya ce in zauna a bencin baya in kalla.

Dole in ɗan yi bayani ga iyayen da ba su ga takardar jarrabawar yanzu ba. Tun wajen 2012 aka fara shigo da tsarin da ake kira APC, wato koyarwa bisa iya aiki da ilimin, a makarantun sakandare, aka faro daga ƙananan azuzuwa yana hawa. A takardar lissafi ta BEPC yanzu kashi biyu ne. Na farko irin wanda muka sani ne, a ba ka lambobi ka warware. Na biyu kuwa labari ne ake rubutowa, na manomi ko ɗan kasuwa ko magini, sannan a yi tambayoyi uku a kansa, kuma kusan rabin makin yana nan. Ba a gaya maka wace dabara za ka ɗauko. Kai za ka karanta, ka gane abin da mutumin yake nema, ka zaɓi hanya.

Ranar da na je, malamin ya rubuta musu labarin wani mutum mai fili, tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 25, yana so ya kewaye shi da waya zagaye uku, ya bar ƙofa ta mita 3. Mitar waya sefa 350, a hannunsa akwai 130,000. Kuɗin zai isa? Ina kallon 'yata daga baya. Kafin ta gama karantawa ta riga ta ninka 40 da 25 ta rubuta 1,000. Rabin ajin haka suka yi. Sun ga tsawo da faɗi, hannunsu ya tafi inda ya saba. Malam ya zo ya tsaya a kanta, ya kife littafin, ya ce da Fillanci, "'Yata, bar biron. Ba ni labarin mutumin nan da harshen da kike magana da kakarki." Ta fara da Hausa tana haɗawa da Fillanci, ta zo kan kalmar clôturer ta tsaya. Ba ta san ta ba. Shekara tara tana boko da Faransanci, ba ta san kalmar na nufin kewayewa da shinge ba. Ya tambayi ajin, mutum biyar kawai suka ɗaga hannu. Sai ya fito da su tsakar gida, ya zana fili a ƙasa da tsinke, ya sa wani yaro ya taka gefensa sau uku yana tsallake wajen ƙofa. Ta koma ta zauna, ta samu mita 127, ta ninka uku 381, ta ninka da 350, ta ɗago kai ta ce kuɗin ba zai isa ba, saura 3,350. Fuskarta a lokacin ba zan manta da ita ba.

Da aka tashi ya raka ni bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, yarinyarka ta iya ninkawa da rabawa. Karatu ne take furtawa ba ta ji. Idan ka ba ni wata uku ban taɓa tsofaffin takardun jarrabawa ba, kada ka ce ina ɓata maka kuɗi." Na ce na ba shi. Kuma haka ya yi. Har Disamba kowane darasi da karanta labari yake farawa, a faɗe shi da baki, a zana shi, sannan a taɓa lamba. Ya sa kowane yaro ya ware ƙaramin littafi na kalmomin da ke dawowa a tambayoyi, gefe ɗaya Faransanci, gefe ɗaya harshen gida. Na 'yata yana nan, ya kai shafi goma sha ɗaya. Yana karɓar littattafansu ranar Alhamis ya dawo da su Asabar da jan biro a kowane layi, ba alamar daidai ko kuskure kawai ba, har da inda tunanin ya karkace.

Wannan ya sa na canza ra'ayi game da sabon tsarin jarrabawar. A da ina cikin masu cewa an lalata boko ne da shi. Yanzu ina ganin tambayar da take sa yaro ya lissafa wayar shinge ta fi wadda muka yi a zamaninmu amfani, don ita ce irin wadda takardar Duwala ta yi wa 'yata a shago. Matsalar ita ce an canza tambaya ba a canza ajin ba. Yaron Garwa yana Hausa ko wani harshen a gida, Fillanci a titi da kasuwa, Larabci a Islamiyya, Faransanci kuwa sai a cikin aji mai mutum casa'in. Jarrabawar da ta dogara kan fahimtar dogon labari da Faransanci ta fi yi wa ɗanmu nauyi a kan ɗan Yawunde da ya tashi yana jin harshen a tsakar gidansu. Ba ina cewa a sauƙaƙa mana ba ne. A koya wa yaran karatu tun daga tushe, sannan a tambaye su duk abin da aka ga dama.

Kada kuma wani ya ɗauka ina yabon zamaninmu ido rufe. Mun sha shifta, kowane kuskure a zabge maki har ka tashi da sifiri, shi ya sa har yau ba na rubuta Faransanci da kuskure mai yawa. Yanzu a BEPC rubutu ake ba su mai kurakurai su gyara, kuma a ganina bai kai shifta horar da kunne da hannu ba. Amma a ajinmu 'yan mata ba su kai goma ba, kuma da yawa cikinmu haddace muka yi da tsoron bulala. Ni kaina jarrabawar Probatwar ce ta tsayar da ni, na zauna ta a 1998 da 1999 ban samu ba, na shiga kasuwa. Tun a lokacin ake cewa za a soke ta, don dokar tsara ilimi ta Afrilun 1998 ba ta sa ta cikin sabon fasalin ba. Ga shi har yau ana rubuta ta a ƙarshen aji na 1ère, shekara ɗaya kafin Bak, kuma nan da shekara biyu ita ke jiran 'yata.

Sauran malaman wajen darasin ba su kai malamin lissafi ba. Na PCT yana da ƙoƙari, yana zuwa kan lokaci, amma allo yake cikawa su kwafa. Na Ingilishi an canza shi sau uku cikin wata takwas, don haka ban ma san wa zan auna ba. Na Faransanci ne ya fi ba ni takaici, domin nan ne ciwon yake. Ya raba musu gabatarwa da kammalawa na insha'i guda shida su haddace, wai duk batun da ya fito sai a ɗauko ɗaya a liƙa. Na karanta rubutun 'yata guda biyu, ɗaya kan auren wuri, ɗaya kan tsaftar unguwa, duka da jimla ɗaya suka fara. Sau biyu kawai ya karɓi rubutunsu ya gyara a zango na biyu.

Sai Maris ya shigo da azumi da zafin Garwa da kowa ya sani. Rumfar kwanon nan da ƙarfe huɗu da rabi ba wajen zaman mai azumi ba ce. Fanka ɗaya ce a ɗakinsu, in an ɗauke wuta shi ke nan. Na roƙi a mayar da darasin zuwa Asabar da Lahadi da sassafe har a sha ruwan salla, aka ce malamai ba za su samu ba. Banɗaki ɗaya ne maza da mata, ƙofarsa ba sakata, 'yata ba ta taɓa shiga ba. Randar ruwa kuwa ba laifi, kullum a cike take kuma a rufe.

Bayan salla iyayen da suka yi barci tun Satumba suka farka, aka yi ta kawo yara. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mai wajen bai mayar da kowa ba. Ɗakin mutum 22 ya koma 47, uku-uku a bencin mutum biyu, wasu a bakin taga. Daga nan aka ajiye duk wani koyarwa aka koma tsofaffin takardun jarrabawa, kowace rana ɗaya, a rubuta amsa a allo a kwafa. Malamin lissafi ya daina karɓar littattafai, ya gaya mini da bakinsa cewa ba zai iya gyara 47 cikin kwana biyu ba. Na je na sami mai wajen na ce, "Malam, ba haka muka yi da kai ba. Ka ce 25." Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wata biyun nan su ke biya mini hayar shekara. In na kore su gobe suna wajen maƙwabcina." Na gane uzurinsa, amma kuɗin da nake biya bai ragu ba, aikin ne ya ragu. Jarrabawar gwaji da suka yi a Afrilu ma ban yarda da makinta ba. An ba 'yata 15 a Faransanci, na karɓi takardar na ƙirga kuskure goma sha tara a shafi ɗaya. Irin wannan makin ne ya rufe mini ido shekara uku, ban zo nan in sake sayensa ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan tsaya mini a rai. Saura mako biyu jarrabawa, 'yata ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakina tana murza gefen hijabinta. Ta ce, "Baba, ana cewa akwai ruwa." Duk wanda ya yi boko a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da ruwa, tambayoyin da aka sato kafin ranar. Wani yaro cikin sababbin ne yake tara 2,000 daga kowa, wai za a sa su a wani zauren WhatsApp da za a turo takardun da dare. Na ce mata ko kyauta ne ba mu so, kuma wanda aka kama da shi ana iya hana shi zama jarrabawa na shekaru, wani ma har kotu. Washegari na je. Malamin lissafi ya riga ni, ya tsayar da darasi ya sa yaron ya mayar wa kowa kuɗinsa a gaban aji, ya ce musu yawancin abin da ake turowa tsofaffin takardu ne aka canza wa shekara, wanda kuma ya zama na gaske shi ne ke sa a soke jarrabawa kowa ya sake. Mai wajen kuwa cewa ya yi abin yara ne, bai kira iyayen yaron ba, bai kore shi ba. Ban ce yana da hannu ba, kuma ban yi zaton yana da shi ba. Amma wajen da ake ba amanar yara bai kamata ya ɗauki wannan da sauƙi haka ba.

'Yata ta ci BEPC, alhamdu lillahi. Da ta fito daga takardar lissafi ta ce mini ta yi biyu cikin tambayoyi uku na labarin, ta ukun lokaci ne ya ƙare mata. Ƙawarta da suke tafiya tare, wadda aka kawo a Afrilu, ba ta samu ba. Rubutun Faransancin 'yata har yanzu da saura, kuma a 2nde, ajin da ke bin 3e, ba za a yi mata sassauci ba. Takardun kayan shago kuwa yanzu ita ke duba mini su ranar Asabar.

Wanda zai kai ɗansa, ya kai shi a Oktoba, ya tambaya ko malamin lissafin nan yana nan kafin ya biya rajista, ya sa a rubuta masa adadin yaran ɗaki a bayan rasit. Ya kuma riƙa karɓar littafin yaron duk mako yana duba ko akwai jan biro a ciki. Wanda zai kai a Afrilu gara ya riƙe kuɗinsa ya sayi littafin tsofaffin jarrabawa a kasuwa, abin da za a yi masa ke nan.

Ranar da na je yi wa malamin godiya da ɗan turmin atamfa na iyalinsa, ya tambaye ni ko akwai ƙanana a gida. Na ce akwai autana, zai shiga CM1. Ya ce in ba shi littafin karatunsa ya karanta mini shafi ɗaya, in rufe, in ce ya ba ni labarin da Hausa. Na gwada a daren. Ya karanta tsaf, da na rufe littafin ya kasa gaya mini ko wa ake magana a kai. Na koma wajen mai gidan darasin na roƙe shi ya buɗe ajin karatu zalla na 'yan CE2 da CM1, ba lissafi, ba shirin jarrabawa, kwana biyu a mako. Ya ce iyaye ba sa biya sai sun hango jarrabawa a gaba, amma in na kawo masa yara goma zai ba da ɗaki ɗaya a kan 4,000 a wata, kuma malamin ya yarda zai riƙa shiga ranar Asabar. Zuwa yanzu mun zama mu huɗu, da ni da mai walda na bayan layinmu da wasu mata biyu. Saura shida kafin a koma makaranta a Satumba. Wanda ya san shagona ya same ni bayan la'asar, ya zo da littafin karatun yaron.